Gaskiya ko Jita-jita: Katin Cingam, Zanen Barkwanci da Wasa da Karin Harshe

Yankara gari ne na bakin iyaka. Yana cikin ƙaramar hukumar Faskari, a kan titin da ya taso daga Funtuwa ya bi ta Sheme ya nufi Tsafe da Gusau, don haka kunnen mutumin garin ya saba da Hausa iri-iri. Direban da ya fito daga Zamfara zai ce "munka taho", na Zariya ya ce "motan nan ne", Bakano ya ce "zauna", ɗan gari ya ce "zamna". Inda bakuna suka haɗu haka, tsokana ba ta ƙarewa. A da iyakarta tasha da teburin mai shayi. Yanzu ta shiga waya: a yanko hoton ɗan wasan barkwanci, a rubuta masa magana guda da karin wani gari, a yi ta tura shi a WhatsApp.

Ƙaramin hoto mai ɗauke da gajeriyar magana ta ban dariya yana da dogon tarihi, a nan gida da kuma waje, musamman Amurka inda aka yi fiye da shekara 100 ana buga katin 'yan wasan besbol. Akwai maganganu da yawa da ake yi a kan irin waɗannan hotuna da kuma karin harshen da ake wasa da shi a jikinsu. Mun ɗauko guda bakwai mun auna su.

1. "Hoto mai maganar ban dariya da wayar hannu ya zo"

Jita-jita ce. Duk wanda ya yi ƙuruciya kafin zuwan waya ya san cingam mai hoto. Yaro zai miƙa wa mai tireda 'yan kuɗinsa, ya ɓare takarda, tun kafin ya jefa cingam a baki idonsa yana kan ɗan hoton da ke ciki: ɗan ƙwallo ne, ko ɗan kokawa, ko jarumin fim ɗin Indiya. Wanda ya sami hoton da yake da irinsa sai ya nemi abokin musaya. Akwai kuma cingam ɗin Bazooka, mai zuwa da 'yar takarda ɗauke da zanen wani yaro mai rufaffen ido ɗaya, Bazooka Joe, da abokansa, a ba da labari cikin zane kaɗan a jere a rufe da maganar dariya.

Kamfanin Topps ne ya ƙirƙiro wannan cingam. An kafa shi a unguwar Brooklyn ta birnin New York a 1938, kuma shi ne ya fi kowa shahara da katin besbol, wato wasan da Amurkawa ke bugun ƙaramar ƙwallo da kulki sannan su zagaya fili a guje. Amma katin ya girmi cingam. A shekarun 1880 kamfanonin taba irin su Allen & Ginter da Goodwin suka fara saka shi a kwalin sigari, don ya riƙe kwalin kada karan taba ya karye, ya kuma ja hankalin mai saye. Manya aka fara nufa da shi. Sai a 1933 kamfanin Goudey na birnin Boston ya fitar da kati 240 tare da cingam, daga nan kasuwar ta koma hannun yara. Cingam ɗin ya daɗe yana raka katin, har zuwa 1992 da Topps ya cire shi saboda masu tara kati na kukan yana ɓata musu takarda.

2. "Zanen da ke jikin kati cike gurbi ne, ba aikin gwanaye ba"

Wannan ma jita-jita ce. A duba katin da Goudey ya fitar a 1938. Guda 48 ne, na 'yan wasa 24, kowa ya fito sau biyu. An ɗauko hoton kan ɗan wasa na gaske, ƙato, an ɗora shi a kan ɗan ƙaramin jiki da aka zana da hannu, yana riƙe da kulki ko yana shirin jifa. A kashi na biyu an cika gefen katin da ƙananan zane-zane da gajerun maganganu a kan bajintar mai hoton. Joe DiMaggio yana ciki, haka Bob Feller da Hank Greenberg. Wanda ya taɓa gwada shigar da labari da dariya a filin da bai kai tafin hannu ba ya san aikin na masu ido ne.

Daga shekarun 1950 Topps ya mayar da bayan kati gidan zanen barkwanci: ƙididdigar wasa a gefe ɗaya, ɗan zane a ɗaya gefen yana nuna abin da ɗan wasan ke yi in ya bar fili, ko kamun kifi, ko farauta, ko wata sana'a. Jack Davis, gwanin zane na mujallar Mad, ya yi wa kamfanin aiki. Art Spiegelman ya shiga Topps yana matashi a 1966, ya yi shekaru fiye da 20 yana ƙirƙira musu kati da sitika na ban dariya, kuma shi ne daga baya ya karɓi lambar yabo ta Pulitzer a 1992 saboda littafinsa Maus, wanda ya ba da labarin kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa ta hanyar zane.

A Nijeriya ma manyan hannaye ne suka riƙe wannan sana'a. Akinola Lasekan ya yi ta caccakar mulkin mallaka da alƙalaminsa a jaridar West African Pilot tun shekarun 1940. A zamaninmu, zanen Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust yakan faɗi cikin hoto guda abin da sharhin shafi guda bai gama faɗa ba.

3. "Duk tsohon kati dukiya ne"

Gaskiyar da ke ciki kaɗan ce. An sayar da katin Mickey Mantle na Topps na 1952 a kan dala miliyan 12.6 a watan Agusta na 2022. A wannan watan kuma katin Honus Wagner, daga jerin da kamfanin American Tobacco ya buga tsakanin 1909 da 1911, ya kai dala miliyan 7.25. Abin da ya ba su wannan daraja ƙarancinsu ne. Na Wagner an dakatar da buga shi tun da wuri: wasu sun ce ba ya son yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu sun ce a kan kuɗi suka saɓa da kamfanin. Waɗanda suka rage a duniya 'yan gommai ne. Bayan ƙaranci kuma sai lafiyar katin: kusurwa ba ta lanƙwashe ba, launi bai koɗe ba.

Katin da aka buga a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 kuwa, lokacin da kowa ya ji labarin riba ya shiga tarawa, kamfanoni sun zuba shi kasuwa ba adadi, yau mafi yawansa ba ya da wani farashi.

Dalilin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne irin wannan labari kan zagayo garuruwanmu lokaci-lokaci da wata riga: yau a ce ana neman kwabo mai huji, gobe tsohon dutsen guga na gawayi, jibi tsohon keken ɗinki wai akwai wani sinadari mai tsada a cikinsa. Mutum ya sayar da akuyarsa ya sayi tsohon ƙarfe yana jiran mai saye daga birni, mai sayen kuma ba ya zuwa. Tsufa kaɗai ba ya sa abu ya yi kuɗi. Wanda ke da tsofaffin hotuna da jaridu ya adana su don tarihin da ke cikinsu, wannan ribar tabbatacciya ce.

4. "Wasa da bakin wasu aro muka yi daga Turawa"

Jita-jita ce tsagwaronta. Tun kafin injin ɗab'i ya iso ƙasar Hausa akwai 'yan kama, masu shiga irin ta malamai su karkatar da salon karatu da wa'azi zuwa zancen tuwo da miya. Akwai tashe, wanda yara ke fara yi bayan goma ga watan azumi, kuma a cikinsa akwai Macukule, wasan da gaba ɗayansa kwaikwayon Hausar Bagwari ne. Akwai almara da labaran Bafillatani a kasuwa, da na baƙauye a birni, da na ɗan birni a ƙauye, waɗanda daɗinsu duka yana ga mai ba da labarin ya iya juya harshensa.

Da boko ya zo, al'adar ta bi shi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma da salon hira da raha ta kama masu karatu. Rediyo da talabijin suka ɗora. Usman Baba Pategi, tsohon soja kuma Banufe, ya gina Samanja Mazan Fama a kan Hausar bariki mai cakuɗe da Turanci, mutane suka yi shekaru suna dariya tare da shi har ya rasu a 2023. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya shiga rigar mutane iri-iri da bakinsu, kuma har yau fuskarsa na cikin waɗanda aka fi yankowa a yi sitika. A ƙara da kalandar zane da ake shimfiɗawa a ƙasa ranar kasuwa, da karin maganar da ake rubutawa a bayan manyan motocin da ke ratsa Yankara. Takarda da waya baƙi ne, rahar kuwa 'yar gida ce.

5. "Hausar yamma gurɓatacciya ce, Kananci ne na asali"

Wannan ita ce jita-jitar da ta fi yi wa yaranmu illa, domin ita ke sa ɗan Faskari ko Ƙanƙara ya je makaranta a birni ya riƙa jin kunyar bakinsa. Binciken masana harshe ya nuna akasinta a wurare da dama. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana tun 1928 yadda wasu baƙaƙe ke narkewa idan suka zo a ƙarshen gaɓa. A karin gabas, wato Kano da maƙwabtanta, "b" da "m" na ƙarshen gaɓa sun narke sun koma "u". A yamma suka tsaya yadda suke. Shi ya sa ake jin "sabka" da "sauka", "zamna" da "zauna", "amre" da "aure", "abduga" da "auduga". A kowane ɗayan waɗannan, sigar yamma ita ce tsohuwa.

Wanda ke shakka ya dubi sunan Audu. Kowa ya san daga Abdu ya fito, ba a taɓa cewa Abdu ne ya lalace daga Audu ba. Hanyar da Abdu ya bi ya zama Audu ita "sabka" ta bi ta zama "sauka". Kananci da kansa yana riƙe da shaida: ana cewa "juji", amma a jam'i sai "b" ɗin da ta ɓuya ta fito, a ce "jibaje", mutumin yamma kuwa tun farko "jibji" yake cewa.

Wannan ba ya nufin Kananci ne gurɓatacce. Kowane kari ya riƙe wani tsohon abu ya saki wani. Zazzaganci ya sassauta bambancin namiji da mace a nahawu, Sakkwatanci ya riƙe "munka" da "sunka", Katsinanci yana da nasa. An gina Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci ne saboda Kano cibiyar kasuwanci ce mai jama'a, kuma bakinta ya fi yaɗuwa. Zaɓi ne na sauƙaƙa rubutu da koyarwa, ba hukunci ba ne a kan wane ne ɗan asali.

6. "Rubuta karin harshe kuskuren rubutu ne"

Rabi gaskiya, rabi jita-jita. A jarrabawa, da takardar ofis, da labaran jarida, Daidaitacciyar Hausa ake bi, kuma hakan daidai ne. Don haka aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka kuma yi taron Bamako a 1966 a kan daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma. Ba don wannan aiki ba, da littafin da aka buga a Zariya zai yi wa ɗan Maraɗi wuyar karatu.

Amma adabi da barkwanci suna da nasu filin. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da kalmomin da aka yi wa alamar Katsina, ko Sakkwato, ko wani yanki, an adana su da mutunci. Waƙoƙin Hausa na Nana Asma'u da sauran malaman Sakkwato da karin yamma aka rubuta su cikin ajami. Wanda ya ɗauki waƙar Narambaɗa ko ta Musa Ɗanƙwairo ya mayar da ita Kananci don ya rubuta, ya karya mata kari da amo. Mamman Shata, ɗan Musawa da ya zauna a Funtuwa, nan kusa da mu, da bakinsa na Katsina ya mamaye ƙasar Hausa har ya rasu a 1999.

A Amurka, mai zane Willard Mullin ya ƙirƙiro wani yagalgalallen mutum a ƙarshen shekarun 1930 don ya wakilci ƙungiyar besbol ta Brooklyn Dodgers, ya riƙa rubuta maganarsa yadda talakan Brooklyn ke furta ta, da "d" a wurin sautin da sauran masu Turanci ke yi da harshe tsakanin haƙora. Mutanen unguwar suka rungume shi, har ƙungiyar ta riƙa saka shi a bangon littafinta na shekara-shekara. Sun karɓe shi ne saboda Mullin ya saurare su da kyau kafin ya rubuta.

Nan ne masu sitika da masu zanenmu da yawa ke tuntuɓe. Sai mutum ya watsa "hwa" da "shi" ko'ina a jimla ya ce ya yi Sakkwatanci. Kari yana da ƙa'idarsa. Basakkwace zai ce "yaz zo", ya ce "ita ta" inda Bakano zai ce "ita ce", kuma ya san inda kowanne ke zama. Wanda bai iya ba ya tambayi masu bakin. Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne ƙaƙaba wa mutane maganar da ba su taɓa yi ba.

7. "Ai wasa ne, ba ya cutar da kowa"

Wannan ya danganta da wanda ke wasan da kuma wanda ake yi da shi. Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa ya yi wa tsokana shinge. Akwai wasa tsakanin Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, taubashi da taubashiya, jika da kaka. Bakatsine zai hango Banufe ya ce, "Kai bawana, zo ka gaida ubangidanka." Shi kuma ya amsa, "Malam, yaushe bawa ya fara kiran mai gida? Kawo kuɗin sharata tukuna." A yi dariya, wani ya saya wa wani goro. Sharuɗɗan a bayyane suke: kowa yana da damar ramawa, ana yi ido da ido, ba a taɓa iyaye da addini, kuma in wuya ta zo abokin wasa ne farkon mai kawo ɗauki. Darajar wannan al'ada ta sa hukumar UNESCO ta saka wasan barkwancin ƙabilun Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014.

Inda babu damar ramawa, abin ya tashi daga wasa. A zamanin da aka buga katin Wagner da na Goudey, an hana baƙar fata shiga manyan ƙungiyoyin besbol, sai a 1947 Jackie Robinson ya karya shingen a Brooklyn. A tsawon waɗannan shekaru jaridu na zana baƙaƙe da 'yan asalin ƙasar da baƙin haure da fuska da baki na izgili, su kuwa ba su da damar mayar da martani daidai da abin da aka yi musu. Ƙungiyar Cleveland ta yi shekaru da dama da tambarin wani jan mutum mai wangalallen baki, duk da koken 'yan asalin Amurka, sai daga 2019 ta cire shi daga rigunanta, bayan kakar 2021 kuma ta sauya suna.

Mu a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa muna da dalili na musamman na yin hattara. Yankin ya sha wuyar 'yan bindiga, duniya ma ta ji labarin ɗalibai fiye da 300 da aka sace a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Manoma sun rasa gonaki, makiyaya sun rasa shanu, kowane ɓangare ya binne nasa. A irin wannan hali, sitikar da ta haɗa Hausar Bafillatani da hoton bindiga tana koya wa yaro cewa duk mai wannan baki ɓarawo ne, har da matar da ke kawo nono ƙofar gidansu shekara da shekaru. Haka ma wadda ke mayar da baƙauye dabba, ko ta mayar da mai gudun hijira abin dariya. Irin wannan hoto yana isa wayoyi ɗari kafin la'asar, kuma babu mai goron da zai biyo bayansa ya wanke zuciya.

Abin da ya rage gare mu

Cikin maganganu bakwai ɗin nan, huɗu jita-jita ne, biyu sun ɗauko gaskiya kaɗan, ta ƙarshe kuma tana hannunmu. Ina roƙon malaman Hausa a makarantunmu su koya wa yara Daidaitacciyar Hausa da kyau, su kuma gaya musu cewa "zamna" da kakarsu ke faɗa tsohuwar Hausa ce mai asali. Matasan da Allah ya ba hannun zane su zana mutanen garinsu da bakin garinsu, su rubuta shi daidai yadda ake furta shi. Masu waya su ɗauki muryar tsofaffi suna ba da almara tun suna raye, domin kalmomi da yawa na noma da kiwo da saƙa suna tafiya tare da masu su. Kafin kuma mutum ya tura sitika, ya tambayi kansa ko zai iya faɗin wannan magana a gaban mai bakin, shi ma ya rama, su rabu suna dariya. In zai iya, ya tura. In ba zai iya ba, ya goge ta.